ZARE: Dutse ta girmi 1991 da ɗaruruwan shekaru 🧵

1/ Jama'a, duk lokacin da aka tashi tsokanar jihohi a nan sai wani ya jefo wannan: wai Dutse garin ma'aikata ce, Babangida ne ya ƙirƙiro ta, ranar Juma'a kowa ya tattara komatsansa ya gudu Kano. Maganar Juma'a kam akwai ƙamshin gaskiya, ba zan musa ba. Amma maganar ƙirƙira, a nan muka raba hanya. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo.

2/ Sunan Dutse ya shiga rubutaccen tarihi tun ƙarni na 15. Kuma daga lokacin har zuwa 1991 tambaya ɗaya ce take ta dawowa: garin nan zai bi Kano ne, ko zai tsaya da ƙafarsa? An gwada amsa ta da aure, an gwada da yaƙi, an gwada da sa hannun gwamna.

3/ Mu fara da duwatsun, don su ne tushen komai. In ka taso daga Kano ka bi ta Wudil da Gaya, ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma. Gonaki, rairayi, kuka nan da can. Ita kanta kalmar jigawa ai ma'anarta ke nan, tudun rairayi. Kwatsam sai ka hango duwatsu sun taso, wani kan wani, kamar an jera su da hannu.

4/ Masana ilimin ƙasa sun ce duwatsun Dutse dangin na Jos ne. Layi ɗaya ne da ya taso daga Azbin a Nijar, ya ratso ta nan, ya bi ta Ningi da Filato, ya gangara har Afu a jihar Nasarawa. Na arewa sun fi tsufa, na kudu sun fi ƙuruciya. Na Dutse an ƙiyasta musu shekara miliyan 213, na Afu miliyan 141. Wato a ɓangaren Najeriya na wannan layi, namu suna cikin yayyen gida.

5/ Me ya sa mutanen da suke son gindin dutse? Ku tuna a ƙasar Hausa doki shi ne motar yaƙi. A fili mai doki sarki ne. Amma doki ba ya hawa tsauni. Wanda ke sama yana hango ƙurar mahara tun suna nesa, ya shigar da mata da yara da dabbobi lungu. Sannan ruwan sama da ya zubo kan dutse a gindinsa yake taruwa. Dalilin da ya tara mutane a Dala da Kufena da Kwatarkwashi, shi ya tara su a nan.

6/ Tarihin baka na garin ya ce wani maharbi ne daga ɓangaren Barno, Duna Magu, ya fara yada zango a wajen saboda yawan namun daji, musamman gada. Laƙabinsa Gadawur. Shi ya sa har gobe dattawa ba sa cewa Dutse kawai, sai su ce Dutse Gadawur. Da ma Dutse da yawa ne a ƙasar Hausa: ga Dutsin-Ma, ga Dutsi ta Katsina, ga Dutsen Alhaji a Abuja. Dole a bambance.

7/ Na san wani zai ce ai kowane gari maharbi ne ya kafa shi. Haka ne, labarin ya yi yawa. Ni dai yadda nake ɗaukar irinsa: ba rasit ba ne mai kwanan wata, amma ba tatsuniyar gizo ba ce. Abu biyu ya adana mana. Na ɗaya, wajen nan daji ne a da, mai nama. Na biyu, tun farko garin yana kallon gabas, wajen Barno, ba Kano kaɗai ba.

8/ Yanzu rubutu. Akwai tsohon littafin Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, daga baya aka sa fassararsa ta Hausa a Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A cikinsa, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452), Dutse ta bayyana. Sarkin ya fita da runduna har Dutse. Littafin kuma ya ce shi ne Sarkin Kano na farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse, da 'yar Sarkin Shira, da 'yar Sarkin Rano.

9/ Ku tsaya a kan wannan auren kaɗan. Sarki ba ya neman 'yar wanda bai kai ba. Auren sarakuna a wancan zamani yarjejeniya ce: na riƙe 'yarka, ka riƙe mini iyaka, kada a ji kanmu. In har Kano ta ga ya fi mata sauƙi ta zama surukar Dutse, to a nan akwai sarki, akwai mayaƙa, akwai abin da ake shakka.

10/ Don ku gane tsufan abin: wannan ya faru kafin Muhammadu Rumfa ya hau sarauta a 1463, wato kafin a gina Gidan Rumfa da muke alfahari da shi. Ya faru kusan shekara 40 kafin Kolumbus ya sauka tsibiran Karebiyan a 1492. Ku riƙe Karebiyan ɗin nan a aljihu, zan dawo kansa a ƙasa.

11/ Shi Burja ɗin ne kuma aka ce a zamaninsa aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro. Sarkin da hankalinsa ke kan ayari ba zai so rigima a ƙofarsa ta gabas ba. Dutse da Shira duk a wannan ɓangaren suke. A ganina auren nan da hanyar nan lissafi ɗaya ne.

12/ Surukuta ba ta hana faɗa. Mu yi tsalle zuwa ƙarni na 18, zamanin Sarkin Kano Kumbari (1731 zuwa 1743). Kumbari sarki ne mai son yaƙi da kashe kuɗi. Shi ne ya matsa wa Kasuwar Kurmi da haraji har ta kusa mutuwa, ya sa wa malamai ma haraji. Larabawa 'yan kasuwa suka kwashe suka koma Katsina, talakawa suka watsu ƙauyuka.

13/ A wannan zamanin ne Dutse ta ɗaga kai. Tarihin masarauta yana ambaton wani jarumi mai suna Ada a farkon shekarun 1730, wanda ya riƙe garin ya ƙi bin Kano. Kumbari ya ɗauro yaƙi da kansa.

14/ Abin da ya fi burge ni shi ne yadda littafin Kano ya ba da labarin. Ya ce Kumbari ya yi kamar zai shiga garin, sai manyan fadawansa suka hana shi, suka ce ai ka riga ka yi nasara, mu koma gida. Ya kuma lissafa Sarkin Aujara cikin waɗanda suka mutu a yaƙin. To ku duba fa, marubucin Kano ne, yana rubuta tarihin sarakunan Kano. In ya ce sarki ya ci nasara amma bai shiga gari ba, kun san yadda ake karanta irin wannan 😅

15/ Tsohon garin da ake wannan faɗa a kansa shi ne Garu, inda fadar Sarkin Dutse take har yau, a cikin duwatsu. Sunan ma ya faɗi kansa: garu, wato katanga. An kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi, duwatsu suka tsare inda ganuwa ba ta kai ba. Wanda iyakarsa sakatariya da shataletale bai ga wannan Dutsen ba.

16/ Sai jihadi. Shehu Usmanu ya yi hijira a 1804, kafin 1807 Kano ta faɗa hannun masu jihadi, Sarki Alwali ya gudu. A Dutse, shugabannin Fulani biyu, Salihi da Musa, su suka karɓe garin a daidai wannan lokaci. Salihi ya fara sarauta, Musa ya gaje shi. Gidajen sarautar Dutse na yau daga nan suka samo tushe.

17/ Amma ga wani abu da ya yi tasiri na kusan shekara 180. Hadeja, Kazaure da Katagum sun zama masarautu masu cin gashin kansu a ƙarƙashin Sakkwato. Dutse kuwa ta ci gaba da zama cikin masarautar Kano, tare da Rano, Gaya, Ƙaraye da Birnin Kudu. Sarakunansu na gado ne, suna da ƙasarsu da mayaƙansu, amma Kano suke kai gaisuwa.

18/ Kuma a ƙarni na 19 zama a nan ba hutu ba ne. Wajajen 1846 wani malami, Malam Hamza, ya bar Tsakuwa da jama'arsa saboda rigimar haraji, ya shige duwatsun Ningi. Daga nan aka samu daular Ningi, wadda ta shafe shekaru gommai tana kai hari kudu maso gabashin Kano: a ƙone gari, a kwashe mutane, a koma cikin duwatsu.

19/ Su wa ke bakin wannan iyaka? Birnin Kudu, Gwaram, Dutse, Rano da ƙauyukansu. Mutumin cikin birnin Kano yana rini da saƙa da ciniki, na nan yana noma da kunne ɗaya a gona ɗaya a daji. Arzikin Kano da Barth ya gani ya yaba a 1851, akwai waɗanda suka tsare masa ƙofar baya, kuma ba kasafai ake ambatonsu ba. Wannan yana ɗan ci mini rai, gaskiya.

20/ Yaƙin Basasa na Kano ma (1893 zuwa 1895) a maƙwabtanmu aka dafa shi. Da aka naɗa Tukur, Yusufu da 'yan uwansa suka fice daga birni suka yi sansani a Takai, nan kusa. Daga wannan yanki suka tara ƙarfi. Yusufu ya rasu a hanya, Aliyu Babba ya karɓa ya shiga Kano.

21/ Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903. Tsarin da suka kawo ya mai da ƙasar Kano gundumomi, kowace da hakimi. Sarkin Dutse ya riƙe sunansa na sarki, amma a takardar En'e hakimi ne kamar sauran. Haraji a tara a nan, a kai baitulmalin Kano. Babbar kotu Kano, babban asibiti Kano, duk wata takarda mai nauyi Kano. Garin da Kumbari bai shiga ba, fayil ya shige shi ba tare da harbi ko ɗaya ba.

22/ Haka aka tafi har bayan 'yancin kai, har aka yi jihar Kano a 1967. Sai ga Abubakar Rimi na PRP ya zama gwamna a 1979.

23/ A 1981 Rimi ya ɗaga Dutse, Gaya, Rano da Ƙaraye zuwa masarautu masu daraja ɗaya da Kano, ya kuma fitar da Auyo daga Hadeja. Sarkin Dutse na lokacin, Abdullahi Maikano, ya tashi daga hakimi ya zama sarkin yanka. Magoya bayan Rimi suka ce an mayar wa masu haƙƙi haƙƙinsu. Masu adawa suka ce so yake kawai ya rage wa Sarki Ado Bayero tsawo. Ni a wajena duka biyun suna iya zama gaskiya a lokaci guda.

24/ Shekarar ba ta ƙare lafiya ba. Takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano ta jawo tarzomar 10 ga Yulin 1981, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad. Allah ya jiƙansa.

25/ A 1983 Sabo Bakin Zuwo ya ci zaɓe. Wata uku kacal ya yi a kujera kafin sojoji su yi juyin mulki ranar 31 ga Disamba, amma cikin wata ukun nan ya soke sababbin masarautun. Dutse ta koma gunduma. Ka kwanta sarkin yanka, ka tashi hakimi.

26/ Ranar 27 ga Agustan 1991 Janar Babangida ya sanar da sababbin jihohi, cikinsu har da Kebbi, Yobe, Taraba, Kogi da Jigawa. Babban birnin Jigawa: Dutse. Ba kowa ya yi murna ba. Hadeja ta fi girma a lokacin, tana da tsohuwar masarauta, garin Sarki Buhari da ya gagari Sakkwato, garin da ya yi wa Turawa tsayin daka a 1906. Mutanenta sun sa rai, kuma har yau akwai masu neman jihar Hadeja. 'Yan uwana Haɗejawa, ban zo tsokana ba, tarihi nake bayarwa 🙏

27/ A shekarar aka mai da Dutse masarauta mai daraja ta ɗaya, Muhammadu Sunusi yana kan gado. Ringim ma ta samu tata. Jigawa ta zama mai masarautu biyar: Dutse, Hadeja, Gumel, Kazaure, Ringim. Ta Dutse tana da ƙananan hukumomi 7 cikin 27 na jihar: Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Buji, Kiyawa, Jahun da Miga.

28/ Yanzu ku dubi abokan tafiyarta na 1981. Gaya, Rano da Ƙaraye sun zauna a jihar Kano. A 2019 Ganduje ya sake ɗaga su, ya ƙara da Bichi. A Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe dokar, bayan 'yan makonni aka dawo da ukun a matsayin masu daraja ta biyu. Sau biyu ana ɗaga su, sau biyu ana sauke su.

29/ Dutse ba ta fi Rano ko Gaya tsufa ko asali ba. Rano ma tana cikin Hausa Bakwai. Abin da ya raba su layin iyakar jiha ne kawai. Da Dutse ta zauna a Kano, da da ita aka yi wannan hawa da sauka. Shi ya sa na ce 1991 ba haihuwa ba ce, ƙarshen wata tsohuwar kokawa ce.

30/ To amma samun suna daban, samun gari daban. Lokacin da Kanar Olayinka Sule ya zo a matsayin shugaban jihar na farko, Dutse hedikwatar ƙaramar hukuma ce. Ba gidaje, ba ofisoshin da za su ɗauki gwamnati guda. Ma'aikatan da aka turo daga Kano iyalansu suna can, makarantun 'ya'yansu suna can. Asalin tafiyar Juma'a ke nan. Ba ƙin garin suka yi ba, wajen ajiye iyali ne babu.

31/ Ali Sa'ad Birnin Kudu ya zama gwamnan farar hula na farko a 1992, bai cika shekara biyu ba sojoji suka dawo. Da Saminu Turaki ya zo a 1999 sai ya rarraba ma'aikatu zuwa garuruwa daban-daban na jihar. Hujjar ita ce kowane yanki ya ɗanɗana gwamnati, kuma a jihar da aka yi rigimar babban birni, hujjar ba ta banza ba ce. Sai dai Dutse ta biya kuɗin: babban birni ne a takarda, amma fayil ɗaya sai ya sa ka zaga rabin jiha.

32/ Sule Lamido (2007 zuwa 2015) ya dawo da ma'aikatun Dutse. Yawancin abin da baƙo ke gani yau, sabuwar sakatariya, manyan tituna, filin jirgin sama da aka buɗe a 2014, daga wannan zango ne. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, kuma mu ɗalibai mun san abin da muka yi wa kuɗin haya da farashin abinci a garin nan, Allah ya yafe mana. Ba kamfe nake wa kowa ba, don Allah kada a cika mini ƙasan zare da rigimar jam'iyya.

33/ Sakamakon shi ne Dutse biyu a waje ɗaya. Akwai ta kwalta, ta Takur da Gida Dubu da Danmasara, wadda ba ta kai shekara 40 ba. Akwai ta Garu da Limawa da Kachi, wadda ta ga Burja da Kumbari. Kana iya yin shekara huɗu a ta farko, ka karɓi digirinka ka tafi, ba ka taɓa taka ta biyu ba. Da yawa haka suke yi, su ne kuma suke komawa gida su ce garin ba shi da tarihi.

34/ In za ka shiga Garu, ka daidaita da hawan Sallah. Ganin dawaki suna gangarowa ta tsakanin duwatsu daban yake da na fili. Fadar kanta ta sha zane da launi irin na magina Hausawa. Marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 har rasuwarsa ranar 31 ga Janairun 2023, ya ba gyaranta muhimmanci, kamar yadda ya ba dashen itatuwa da tsarin tara zakka na masarauta. Ɗansa Hamim ne ya gaje shi.

35/ Sai dabino. Mutane da yawa suna zaton duk dabinon da suke buɗa baki da shi daga Nijar ko Saudiyya ya zo. Dutse garin dabino ce. Cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, a nan ta ajiye reshenta na binciken dabino. Ka je kasuwar Shuwarin ranar Litinin, musamman gab da azumi, ka ga buhuna. Wani abin sha'awa: a wannan yanki dabino yana iya yin 'ya'ya sau biyu a shekara, na rani da na damina, abin da ba ya yi a ƙasashen Larabawa.

36/ Kudu da nan, a Birnin Kudu, akwai abin da ya girmi duk sarakunan da na lissafa. A jikin Dutsen Habude, Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zanen shanu da mutanen da suka yi da launi, har da shanu marasa tozo, irin da ba a kiwo a yankin yanzu. Wato zanen ya adana wani zamani da dabbobin ma daban ne.

37/ A wajen ne kuma, a tsakiyar shekarun 1950, Bernard Fagg na hukumar kayan tarihi ya rubuta labarin duwatsu masu amo, waɗanda in ka buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙararrawa. Rahotonsa na 1956 shi ya sa masana suka shiga neman irinsu a sauran ƙasashen Afirka. Turawa sun ce shi ya gano su. Yaran Birnin Kudu dai sun daɗe suna kiɗa a kai kafin ya zo. Garin da Aliko Dangote ya yi sakandare ke nan, ga masu son irin wannan ƙarin bayani.

38/ Yanzu abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan. Garin da ke girma yana cin tsakuwa. Kowane titi, kowane bene, kowace kwalbati dutse ake fasawa. Ka zaga bayan gari ka ga inda aka yanke gefen tsauni ya yi fari fat, ka ga manyan motoci suna fita da shi. Ka ga kuma masu fasawa da guduma a rana, har da mata da yara, suna tarawa a kwano.

39/ Ba zan zagi mai guduma ba, abincinsa ke nan, kuma ni ma a ɗakin da aka zuba wa tsakuwar nake kwana. Dutse ba zai ƙare gobe ba. Damuwata ita ce ba kowane dutse ne dutse kawai ba. Wani akwai ragowar ganuwa a jikinsa, wani tsohuwar maƙabarta, wani kufai mai ɓaraguzan tukwane, wani wataƙila zane irin na Birnin Kudu. Injin fasa dutse ba ya tambaya. Ganuwar ƙasa kuwa ko inji ba ta buƙata: damina da masu ɗiban ƙasar gini sun ishe ta.

40/ Ga Karebiyan da na ce ku riƙe. Akwai wata ƙasa, Saint Kitts da Nevis, tsibirai biyu. Duk mutanenta kusan dubu 50 ne. Ƙaramar hukumar Dutse kaɗai a ƙidayar 2006 ta kusa dubu 250. A tsibirin Saint Kitts akwai wani tsauni, Brimstone Hill, da Ingilishi suka fara kafa igwa a kansa a 1690, suka shafe kusan shekara 100 suna gina sansanin yaƙi. Bayi 'yan Afirka ne suka fasa dutsen suka ɗora shi.

41/ Bayan sojoji sun bar wajen a tsakiyar ƙarni na 19, shi ma an yi ta kwasar duwatsunsa ana gini da su. Daga baya mutanen tsibirin suka kafa ƙungiya a 1965 suka shiga gyara. A 1999 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, shekarar da ta sa Sukur ta jihar Adamawa. Yau baƙi suna biyan kuɗi su hau, jikokin waɗanda suka gina shi ne suke yi musu bayani.

42/ Lokacin da aka ɗora igwar farko a Brimstone Hill, auren Burja da 'yar Sarkin Dutse ya kusa shekara 240. Ba ina cewa Garu za ta ja jiragen ruwa cike da 'yan yawon buɗe ido ba, mu ko teku ba mu da shi. Abin da suka yi wanda ba ya buƙatar teku shi ne: sun zauna sun ware, wannan a fasa, wancan kada a taɓa, suka rubuta, suka kafa allo.

43/ Wannan aikin bai fi ƙarfin masarauta da jami'a da ma'aikatar da ke ba da izinin fasa dutse ba, in suka zauna tebur ɗaya. Ɗalibai nawa ne suke neman batun kundin kammala digiri kowace shekara, suna ta maimaita abin da aka rubuta sau ɗari? Ga taswirar ganuwar Garu nan tana jiran mai waya da ƙafa.

44/ 'Yan Garu, Limawa, Kachi, Galamawa, Madobi, Sakwaya, Chamo, Kudai: wanda ke da kaka ko kakan da ya haura 80, ya zauna da shi wannan satin ya kunna rikoda. Ku tambaye shi sunayen ƙofofi, inda ganuwa ta bi, wane dutse ake hana yara hawa da dalilin hanawar, ina aka ɓuya lokacin Ningawa. Wanda ya samu hoton ragowar ganuwa ya ajiye shi a ƙarƙashin wannan zare da sunan unguwar, zan haɗa su waje ɗaya in sake sakowa bayan jarabawa.